Uwa tawa, 'ya'ya nasa: an yi mini tayin riƙon karya a Garwa, in karɓa?

Baban Iro, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan, don ba a rasa wanda ya taɓa gani.

Sana'ata hatsi ce, masara da wake da gyaɗa. Shekara 3 ke nan da na tashi daga cikin gari na koma gidan da na gina can bayan Jambutu, inda har yau filaye biyu ne babu gini tsakanina da maƙwabcina. Da azumin bana ɓarayi suka haura mini katanga sau biyu. Zuwan farko suka ɗauke batirin sola. Zuwa na biyu suka zare sakata daga ciki, suka tura babur ɗin ƙanena suka fita da shi kamar na ubansu, mu kuwa muna ta sharar barci. Na nemi mai gadi, kuɗin wata ya fi ƙarfina. Shi ne na fara tunanin kare.

Akwai wani mutumin kudu da yake sayen tsakin masara a rumfata buhu-buhu. Na daɗe ina zaton kaji yake kiwo, ashe karnuka ne irin na Turawa: berje, na Jamus ɗin nan mai tsayayyun kunnuwa, da wasu ƙattai masu faɗin kai da ake kira Boerboel. Na tambaye shi kuɗin kwikwiyon berje, ya ce jaka 250, wato sefa dubu 250. Na ce masa a gai da mutanen gida. Sai ya yi dariya, ya ce akwai hanyar da zan samu ko dala ban biya ba.

Wai yana da karya 'yar wata 7 (karya nake nufi, macen kare, ba ƙarya ba, wayar tawa ba kullum take yarda ta sa ƙugiya ba). Zai ba ni ita in riƙe a gidana, ta saba da yarana, ta yi mini gadi. Ci da sha da alluran rigakafi a wuyana. Amma duk sanda ta nemi barbara sai in kira shi ya ɗauke ta ya kai wa namijinsa, ya dawo mini da ita da ciki. In haihuwa ta matso ya sake zuwa, ta haihu a wurinsa, sai an yaye 'ya'yan ta dawo. 'Ya'ya duka nasa. In ta yi haihuwa 4 ta zama tawa halak malak, har da takardunta. Kafin nan ba ni da ikon sayar da ita, ko kyautar da ita, ko in sa a cire mata mahaifa, ko in tashi da ita daga Garwa. In wani kare ya hau ta a hannuna, in biya jaka 200. In ta ɓata ko ta mutu, jaka 400. Takarda ce shafi 3 da Faransanci, ya ce in kai gida in karanta a natse. Wai haka manyan masu kiwo suke yi a Amurka, har ya nuna mini bidiyo a waya, wata Baturiya da karya kwance a kan kujerar falo.

Mai ɗakina ta ce ita dai sharaɗinta kada ta taka mata tsakar gida, kada ta kusanci randa. Iro kuwa, ɗan shekara 9, tun da ya ga hoton ya riga ya raɗa mata suna Guguwa.

To wannan ciniki ne, ko kuwa kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi? Ta fuskar addini kuma ina na tsaya? Ranar Litinin ya ce zai zo jin amsa.

Tsoho na Kollere

Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan abu ba Amurka ce ta ƙago shi ba, kifa shi kawai aka yi. Mu da muka tashi cikin Fulani mun san haɓɓanaaye: mai shanu ya ba ɗan'uwansa da ba shi da komai karsana, ya yi kiwonta, ta haihu sau biyu ko uku, maruƙa na mai riƙo, uwa ta koma garkensu. Mahaifiyata ma, Allah ya jiƙanta, rabin awakinta suna hannun mata a Pitowa, in an haihu a raba. Duk inda ka duba, da 'ya'ya ake biyan mai wahala, domin su ne riba, uwa kuwa kullum tsufa take yi. Kai an ce ka ɗauki uwa bayan an gama tatse ta.

Ai kai ɗan kasuwa ne, buga lissafin da bakinsa. Ya ce kwikwiyo jaka 250. A ce kowace haihuwa 6 suka rayu. Sau 4, kwiyakwiyai 24, miliyan 6 ke nan. Zubar da rabi saboda mutuwa da magani da rashin kasuwa, saura miliyan 3. Kai kuma abin da aka yafe maka jaka 250 ne. Ban ce kada ka karɓa ba, amma kada ka shiga kana ta godiya kamar wanda aka ba sadaka. Nemi ɗa guda a kowace haihuwa, in ya ƙi, ko a ta biyu.

Ɗan Marwa a Ohio

Baba ya yi gaskiya, amma shi ma mutumin bai yi ƙarya ba, ana yi a nan. Wata da muke aiki tare tana riƙe da guda. Abin ya fi yawa wurin masu haɗa karnuka irin Poodle da Labrador ko da Golden Retriever, inda kwikwiyo ɗaya yakan kai dalar Amurka dubbai. Mai kiwo ba ya son tara karnuka 20 a keji, masu saye kuma suna gudun kwikwiyon da uwarsa ta tashi a kulle. Sai ya rarraba matan a gidajen mutanen da ke kusa da shi, tafiyar awa ɗaya ko biyu a mota, masu gida da shinge.

Sai dai rabin bidiyon ya nuna maka, Baban Iro. A takardar abokiyar aikin nan tawa, duk abin da ya shafi haihuwa na mai kiwo ne: hoton ƙashin ƙugu da gwajin cututtukan gado tun kafin a fara, awon jini don gane ranar barbara, hoton ciki, tiyata in naƙuda ta gagara, har cire mahaifa a ƙarshe. Duk haihuwa kuma ana damƙa mata wani abu a hannu. An rubuta haihuwa 3 ko karyar ta cika shekara 5, duk wanda ya riga zuwa. Wannan "duk wanda ya riga zuwa" shi za ka nema a taka takardar. In gwaji ya nuna karyar ba ta dace da kiwo ba, sai a cire mata mahaifa a bar wa mai riƙo ita.

Duk da haka nan ma ana rigima, wani lokaci har kotu. A dokarsu kare dukiya ce, takarda ake dubawa, ba wanda ya ba da abinci ba.

Malamin Dabbobi, Ngaundere

Baban Iro, sun yi maka maganar kuɗi, ni bari in yi maka ta jikin karyar, don nan ne irin waɗannan takardu suke yin shiru.

Kai gadi kake nema, ko ba haka ba? To karya takan nemi barbara kusan sau 2 a shekara, kowane zuwa kamar mako 3. Kwanakin farko, wajen 9, gabanta ya kumbura, jini na ɗiga, maza na taruwa amma ba ta yarda. Bayan nan ne take tsayawa. Cikinta kwana 63 ne, da ɗan ƙari ko ragi. Zai ɗauke ta kamar mako guda don barbara, ya sake ɗaukar ta mako guda kafin haihuwa, 'ya'ya kuma ba a raba su da uwa sai sun yi mako 7 zuwa 8. Haɗa ka gani: kusan wata 2 da rabi gidanka babu kare a kowace haihuwa. Makonnin ƙarshen ciki ma tana nan ne kawai, nauyi ya kwantar da ita. Ɓarayin unguwa kuwa sai sun riga ka sanin ranar da mota ta zo ta tafi da ita.

Sai shekaru. 'Yar wata 7 yarinya ce ƙarama. Daga yanzu kowane lokaci za ta iya fara jini, amma ƙashin berje ba ya gama ƙwari sai wajen wata 18 zuwa shekara 2, don haka kada ka yarda a hau ta a zuwan farko. In ana hutar da ita, haihuwa ɗaya a shekara, ta 4 za ta zo ne tana shekara 5 zuwa 6. Berje kuwa a nan wurinmu, wanda na gani ya haura shekara 10 ba su da yawa. In kuma babu hutu, cikin shekara 2 zai gama da ita ya miƙo maka ƙashi da fata. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, Kennel Club, tun 2012 ba ta yi wa 'ya'ya rajista in uwarsu ta riga ta haihu sau 4, ko an yi mata tiyatar haihuwa sau 2. Haka in an hau ta ba ta cika shekara ba, ko ta haihu bayan ta kai shekara 8. Wato 4 ɗin da ya rubuta maka bango ne, babu gaba.

Jaka 400 in ta mutu: mutuwar me? Nan fa ka tsaya da kyau. Karyar da aka bar wa mahaifa takan yi ruɓar mahaifa makonni bayan ta gama jini. Za ka ga ta daina ci, tana ta shan ruwa, wani lokaci mugunya na fita ta gabanta, wani lokaci ba a ganin komai, in ba a yi tiyata da wuri ba ta tafi. Don amfanin wa aka bar mahaifar? Nasa. To wa zai biya tiyatar? Ga kaska, wadda ke sa musu ciwon da yake shanye jini har dasashi ya yi fari fat. Ga zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ita kuma gashinta ninki biyu ne, na ƙasar sanyi. Babban abin ma, ɓarawon da ya san akwai kare, nama mai guba yake fara jefowa ta katanga. Ka ga ke nan aikin da ka ɗauke ta dominsa shi ne zai iya jawo maka tarar.

In za ka je, ce ya ba ka karnen allurarta, wato ɗan littafin da ake rubuta rigakafinta a ciki, ka duba da idonka. Kowace allura da 'yar takardar kwalbar manne da hatimin likita: ta zawon jini da sauran cututtukan ƙuruciya ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har wajen mako 16, ta haukan kare kuma a wata 3, mu nan muna sabunta ta duk shekara. Ka sa a fito maka da uwar da uban su yi tafiya a gabanka. Berje sun yi suna da ciwon ƙugu kuma gado ne, in ka ga suna jan ƙafar baya ko suna tsalle da ƙafa biyu tare kamar zomo, ka yi sallama.

Ra'ayina? In riƙon ne dole, roƙe shi namiji, shi kwana ɗaya ko biyu zai yi ya dawo. In kuwa haushi kake so da tashin mutane cikin dare, karnukan ƙauyen nan namu guda biyu, da allura da abinci a kan lokaci, sun ishe ka, zafi kuma ba ya kayar da su.

Sarkin Zolaya

Baban Iro, batiri da babur aka sace maka, su ba su da ƙafa. Yanzu za ka ajiye kayan jaka 400 da zai bi ɓarawo da kansa in an nuna masa tsire. Ka fara neman mai gadin da zai yi gadin Guguwa tukuna.

Maman Zara, Njamena

Yaya, mu mun yi, shekara 4 ke nan, don haka abin da na gani zan faɗa maka.

Maigidana ne ya karɓo ta, ita ma berje, sharuɗɗan kusan irin naka. Watannin farko babu abin da za mu ce sai godiya, ko almajiri ya tsaya a ƙofa sai mun sani. Ranar da ta fara jini ne muka gane abin da muka ɗauko. Ban san akwai karnuka da yawa haka a unguwarmu ba. Dare ya yi su taru a ƙofa, goma, sha biyu, faɗa da kuka har asuba, maƙwabta suka fara gaisuwa a daƙile. Mun kira mai ita, ya ce wannan zuwan a bar ta ta huta, mu kulle ta kawai. Muka kulle. Katangarmu ta fi tsayin mutum, amma ƙarƙashin ƙofar ƙarfe ƙasa ce. Kwana na goma sha ɗaya na fito alwalar asuba, sai ga rami an tone kamar na gafiya, ga wani jan kare mai yankakken kunne sun sarƙe da ita baya da baya a gindin dalbejiya. Ɗana babba ya ɗauko bokiti ya sheƙa musu ruwa, ya kama wutsiyar jan zai ja, karen ya juyo ya cafke shi a hannu. Daga baya likita ya ce in sun sarƙe ba a raba su, minti 15 ko rabin awa su rabu da kansu, ja da ƙarfi rauni kawai yake yi musu.

Muka wanke ciwon da sabulu da ruwa minti 15 kamar yadda ake faɗa, muka yi asibiti, aka fara masa alluran haukan kare, kuɗi masu yawa. Karen kuwa babu wanda ya san mai shi. Nan Njamena an taɓa bi unguwa-unguwa a 2012 da 2013 ana yi wa karnuka rigakafi kyauta, aka yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan, ciwon ya lafa, amma daga baya ya dawo, don haka ba mu yi wasa ba.

Tsoron tara ya sa maigidana ya ɓoye wa mai ita. Kuskure ne babba, ashe akwai allurar da likita ke yi cikin ya zube in an je da wuri. Ta haifi 9, jajaye da su. Magana har gaban mai unguwa, aka daidaita muka biya jaka 100, kuma wannan haihuwar ba ta shiga lissafi ba.

Amma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Da aka zo ɗaukar ta haihuwa ta gaba, Zara tana shekara 6, ta rungume ƙafar maigidana tana cewa a ce wa mutumin ya dawo gobe. Kwana uku sai da lallashi take cin abinci. Bayan mako 9 aka dawo da ita cikin bayan mota, haƙarƙari a waje ana ƙirgawa, nonuwa sun zube, gashi na fita in ka shafa, kunnuwa cike da kaska manya kamar ƙwayar gyaɗa. Ni da ban taɓa son taɓa ta ba, ni na zauna da man fetur a gwangwani ina cire su ɗaya-ɗaya ina jefawa. Kwana huɗu tana zagaya gida tana shinshina bayan tanki da ƙarƙashin mota tana wani siririn kuka. Wata biyu muna ba ta kan kifi da romon ƙashi kafin ta dawo kamanninta, duk daga aljihunmu, shi kuwa ya sayar da 7.

Ta yi masa haihuwa biyu, saura ɗaya, sai mutumin ya koma Mundu, lambarsa ta daina shiga. Tana nan wurinmu, babu takarda, ba mu san tamu ce ko tasa ba, kuma muna tsoron a cire mata mahaifa ya ɓullo gobe. Ka sa a rubuta abin da zai faru in shi ne ya tashi, ko ya mutu, ko ya bar sana'ar. Kuma ka zuba kankare a ƙarƙashin ƙofarka.

Baban Iro, Garwa

Allah ya saka da alheri. Maman Zara, na karanta wa mai ɗakina naki, ta ce a gaishe ki da Zara. Na sake duba takardar da ƙanena, babu shekara ko ɗaya a ciki, babu maganar tiyata, kuma wurin mutuwa an rubuta ne ko mene ne sanadi. Saura malamai, ban ji ta bakinku ba.

Almajirin Malam, Marwa

Alhaji, tambayarka uku ce a dunƙule, bari in warware.

Ajiye kare: hadisi ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. A Risala ma haka Ibn Abi Zaid ya kawo, ba a ajiye kare a gidaje sai don waɗannan ukun. Amma masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. A kan haka malamai da yawa suka halatta na gadi in akwai bukata ta gaske, kai kuwa an haura maka sau biyu. Na kwanciya a kujerar falo dai babu shi a ciki, sharaɗin uwargida ya yi daidai, wurinta ƙofar gida ko bayan ɗakuna.

Tsarki: a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. In ya sa baki a ƙwaryar ruwa a zubar, a wanke sau 7 don bin umarni, ba don ta zama najasa ba. Shafi'awa ne suke ɗaukar sa najasa mai nauyi, su haɗa da ƙasa a wankin.

Ciniki shi ne mai ƙaya. An hana cin kuɗin kare a hadisi, kuma mashhurin mazhaba shi ne ba a sayar da shi ko da na farauta ne. Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, ya saɓa a kan wanda aka yarda a ajiye, har ya ce zai sayar ya yi hajji da kuɗin, Hanafiyya ma sun halatta. Shi ya sa zancen Baba na Kollere na karɓar ɗa, in don ka ajiye ne ko ka ba ɗan'uwa mai bukata, da sauƙi. In don ka sayar ne, ka shiga saɓanin nan da ƙafarka.

Abin da ya fi damuna a takardar biyu ne. An rataya ladanka a kan haihuwa 4, abin da babu wanda ya san zai faru ko ba zai faru ba, ko yaushe. In ba ta ɗauki ciki ba fa? Sai ka yi ta ciyarwa har ta tsufa tana tasa? Wannan garari ne, maganinsa a yanka lokaci sananne. Sannan muddin ba ta zama taka ba, amana ce a hannunka, mai riƙon amana kuwa ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. A ce ka biya ko mene ne sanadi, an ba ka hasarar mai dukiya ke nan ba a ba ka ribarsa ba. Ka kai wa limamin unguwarku takardar a fassara masa, zai fi ni ganin lungunanta. Allah ne mafi sani.

Baban Iro, Garwa

Jama'a, ban jira Litinin ba, jiya Asabar bayan la'asar na ɗauki Iro a babur ɗin aro muka je wurinsa ba tare da na sanar ba.

Gaskiya wurin ba laifi, an share, warin girezil, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na tashi. Ɗakuna ne na bulo ƙanana guda 8 da rufin kwano, karnuka 11 na ƙirga, ga wasu biyu a ɗaure a gindin mangwaro don babu ɗaki. Nan na gane abin da Baba ya faɗa: ba tausayina ya ji ba, wuri ne ya ƙare masa. Na sa hannu a kwanon rufin, ƙarfe biyar na yamma amma ba ya taɓuwa. Karnen allurar yana nan, allurai da hatimi, har ta haukan kare. Uban ya yi tafiya garau. Uwar ce aka ce tana barci. Da mai gidan ya shiga ɗauko mana ruwa, na tambayi yaron da ke wanke kwanoni haihuwarta nawa, ya ɗaga yatsu biyar ya ƙara ɗaya. Na ce shekararta fa? Ya ce biyar.

Ita Guguwa da aka buɗe ta ba ta yi haushi ba, ta zo ta shinshina silifas ɗin Iro, ta zauna a kan ƙafarsa kamar sun shekara tare. Ban so ya zo da ni ba daga nan, don mai gidan ya ga fuskar yaron, ɗan kasuwa kuwa ya san abin da ya gani.

Muka zauna a benci na fito da takardar da na yi wa jan biro. Na fara da namiji, ya ce guda biyu gare shi kuma ba sa barin gida. Na ce haihuwa 3 ko ta cika shekara 5, duk wanda ya riga zuwa, kuma ba a fara ba sai ta yi wata 18, da hutun zuwa ɗaya tsakani. Ya yi ta jujjuya kai, ya yarda da 3 da shekara 5, hutun ya ce sai dai likita ya duba ta ya yanke. Tiyata da duk ciwon mahaifa nasa, ya yarda. In ya bar Garwa ko ya daina amsa waya wata 6, ta zama tawa, ya yi dariya ya ce shi ina za shi, amma ya yarda. Na ce duk lokacin da take wurinsa ya ba ni aron wani karen ya riƙe mini gida, ya ce wannan bai taɓa jin sa ba ko a Amurka. Ɗa a haihuwa ta biyu, ya ce ba mace ba, sai dai namiji. Na ce a kai takardar meri, ofishin magajin gari, a buga mata tambur da shaidu biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa, bai musa ba.

Wurin jaka 400 ne muka cije. Na ce in likita ya rubuta ciwo ne ko guba ko cizon maciji, babu ramuwa. Ya ce to kowa sai ya sayar da karya ya zo ya ce guba ce. Na ce ai gawa ba ta ɓuya, in ta mutu zan kira shi ya gani da idonsa kafin a binne. Ya ce zai yi shawara da matarsa, ranar Laraba in ya zo ɗaukar tsaki zan ji.

Mun dawo gida bayan magariba. Da safen nan na fito na tarar Iro ya kafa sanduna huɗu a bayan zaure, ya ɗora tsohuwar zana a kai, ya ajiye kaskon da uwarsa ke neman sa tun jiya. Malamin Dabbobi, in maganar ta watse, karnukan ƙauyen da ka ce, a wata nawa ya kamata in ɗauko su, kuma maza biyu za su zauna lafiya ko sai mace da namiji?